Abin da na koya a binciken gwajin jin jarirai

Tunda na ajiye aikin nan na binciken gwajin jin jarirai mutane ke ta tambaya ta me ya faru, to bari in faɗi abin da ke raina, musamman saboda ƙannenmu da ke shirin shigowa wannan layin.

Ku da kuka yi aikin kun san OAE, wato gwajin farko na tantance jin jariri, ba ta da wani wahala in jariri na barci, a sa ɗan bakin na'urar a kunne, ta tura sauti, in can cikin kunnen lafiya yake zai maido da amsa ta rubuta fas, in bai maido ba ta rubuta rifa, wato a dawo a sake gwadawa. Rifa kuma ba ta nufin yaro kurma ne, sau da yawa ruwan haihuwa ne ko maiƙon jikin jariri ya toshe hanyar, balle a wajenmu da ake sallamar mai jego bayan 'yan awanni kunnen ma bai bushe ba. Shi ya sa duk amfanin gwajin yana ga dawowar uwa. Ƙa'idar da aka ɗauko daga Amurka a bayyane take: kafin wata 1 a tantance, kafin wata 3 a tabbatar da gwajin ABR, wanda ke auna yadda sauti ke bin jijiyar ji zuwa ƙwaƙwalwa, kafin wata 6 a fara taimaka wa yaro, don a lokacin ne ƙwaƙwalwa ke kama harshe.

To ogan namu, shugaban binciken, babu ruwansa da wannan. Shi dai lamba yake so ta taru, jarirai nawa aka gwada, nawa suka faɗi. Na je masa da maganar cewa iyayen nan ba sa dawowa, kuma dalilin a fili yake, mai haihuwar fari gidan iyayenta take tafiya wanka, wani lokacin wani gari ne daban, ba za ta leƙo waje ba sai ta yi arba'in, lambar wayar da muka rubuta kuma ta maigida ce wanda ke kasuwa ko ya tafi ci rani. Na ce a ware ɗan kuɗin mota da na kati, ko kuma mu haɗa gwaji na biyu da ranar rigakafin sati 6 tunda wannan iyaye ba sa wasa da shi. Ba ma tunanina ba ne, Dakta Bolajoko Olusanya ta gwada tantance jarirai a wuraren allurar BCG ta rigakafin tarin fuka a Legas kuma an buga sakamakon tun 2008. A gaban ɗalibai ya yanke min magana, ya ce bincike aka ɗauke ni yi ba a ɗauke ni in buɗe asibiti ba.

Wanda ya fi ci min rai shi ne na jariran da shawara ta kama sosai har idonsu ya yi ɗorawa. Irin waɗannan jijiyar ji ce ke lalacewa, suna iya cin OAE tsaf alhali magana ba ta isa ƙwaƙwalwarsu yadda ya kamata, sai ABR ce ke nuna hakan. Na roƙa a riƙa yi musu, su da waɗanda aka daɗe ana ba su maganin kashe ƙwayoyin cuta gentamicin, ya ce ɓata lokaci ne. Haka muka riƙa cewa uwa ɗanki lafiya yake ta tafi tana godiya, wallahi har yau in na tuna sai in ji ba daɗi.

Da takardar sakamakon binciken ta fito babu sunana a ciki, wannan na bar shi da Allah. Amma layin da aka rubuta cewa jahilcin iyaye mata ne ya hana su dawowa, shi ne ban yafe ba, don ni na zauna da matan nan, na san ko sau ɗaya ba a kira yawancinsu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2021 mutum miliyan 430 ke buƙatar taimako kan rashin ji, miliyan 34 a ciki yara ne, kuma ta irin wannan hanyar ce namu ke sulalewa sai sun kai shekara uku ba sa magana sannan a kawo su.

Sauran darussan kuwa gajeru ne. Kar ka yarda ka yi gwaji kusa da janareta komai saurin da ake yi. Yaron da ya tashi daga sanƙarau a gwada jinsa da wuri, don cikin kunnen na iya zama ƙashi dashen na'urar ji a cikin kunne ya yi wuya. Kar ka ba mutum na'urar ji ba ka san inda zai samu batir ba. Ka koyi maganar hannu ko kaɗan ne. Kuma kafin ka gwada kunne ɗaya a binciken wani, a rubuta a takarda wa zai shiga jerin marubuta da kuma nawa aka ware wa bibiyar yara.

Yanzu na koma wani ƙaramin asibiti, ranar rigakafi nake ajiye tebur ɗina a gefe, kuma iyaye suna dawowa.