Wasiƙa ga ma'aikatan lafiya na Damagaram kan auna shirin rage ƙiba

Assalamu alaikum. Gaisuwa daga ƴan'uwanku ma'aikatan lafiya mazauna Faransa.

Asibitocinmu sun gwanance wajen awon yaro mai tamowa, amma babba mai teɓa sau da yawa sai hawan jini ko ciwon sukari ya kwantar da shi kafin a ɗora shi kan sikeli. In an fara shirin rage ƙiba a CSI (ƙaramin asibitin gari ko unguwa), kada a auna shi da yawan sunayen da ke rajista. A duba mutum nawa suka dawo bayan wata 6, kuma nawa cikinsu suka sauke kashi 5 cikin 100 na nauyinsu. Mace mai kilo 90 da tsawon mita 1.60, ma'aunin jikinta 35 ne (a raba nauyi da tsawo, a sake rabawa da tsawo, daga 30 teɓa ce). Kilo 4.5 kawai ta sauke, jini da sukari su fara sauka.

Kafin a gwada sakamakon Mirriya da na Magariya, sai an tabbatar sikelinsu ya yi daidai. Sikeli mai sifirin yana gocewa da daɗewa. A auna jarka fanko, a zuba mata lita 20 na ruwa, dole ya ƙara kilo 20. In ya saɓa, duk lissafin watannin baya abin shakka ne. Haka madaurin awon jini: in ya yi wa damtse kaɗan, yana nuna jinin ya hau fiye da gaskiya, a ɗora wa baiwar Allah magani ba dalili. A kuma zagaya ƙugu da tef. Haɗarin hawan jini da ciwon sukari na ƙaruwa sosai in mace ta wuce santimita 88, namiji 102.

Mai sa ido ya zauna ya ji abin da ake faɗa wa mara lafiya. "Ki rage ci" ba shawara ba ce. A tambayi sukarin shayi da na fura, gishiri da dunƙule (gishiri kada ya kai giram 5 a yini), da tafiyar ƙafa minti 150 a mako. A tambayi mata, cikin sirri, ko suna shan ƙwayoyin ƙiba na kasuwa irin su deksametazon. Mai shan su kullum ba a tsayar mata farat ɗaya, likita ne ke ragewa sannu a hankali.

Waɗanda suka daina zuwa a ƙirga su cikin rahoto, a rubuta dalili: kuɗin mota ne, aikin damina ne, ko maigida ne bai yarda ba.

Wassalam.