Ƙarar babur a bayan katanga

Aikin jinya a Gusau ya koya mini cewa abin da uwa take faɗa a asibiti game da yaron da ke fama da lalurar ƙwaƙwalwa rabin labari ne, sauran yana can tsakar gida, kuma ban gane haka ba sai da na fara bin yaran gida-gida.

Akwai wata yarinya 'yar shekara 13 da iyayenta suka yi gudun hijira da ita daga wani ƙauye a yankin Maru bayan harin 'yan bindiga. Katinta ya nuna rashin barci da fitsarin kwance da ƙin magana, kakarta kuwa tuni ta yanke hukunci cewa iska ce. Ranar da na je, na yi sallama a zaure, na jira izinin mai gida, sannan aka shimfiɗa mini tabarma a gindin darbejiya. Muna cikin gaisawa sai wani ɗan acaɓa ya tayar da babur a bayan katanga, nan take yarinyar ta saki tsintsiyar da ke hannunta, ta shige bayan randa ta durƙushe, jikinta yana ɓari. Ashe ɗakin da take kwana yana jikin tashar 'yan acaɓa, alhali kuwa a kan babura maharan suka shigo garinsu. Babu wanda ya taɓa ambata mini wannan, domin ba su ɗauke shi abin faɗa ba.

A da nakan yi gaggawar musanta zancen iska, kuma na ga yadda hakan ya sa wasu gidaje suka daina karɓata. Wannan karon cewa na yi: "Inna, a ci gaba da addu'a da tofi, amma a mayar da ita ɗakinki na ƙurya, ki riƙa kwana kusa da ita."

Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sanya wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta tanadi kula da masu lalurar cikin mutunci, sai dai asibitin ƙwararru na Kware da ke Sakkwato tafiyar sama da kilomita 200 ce daga Gusau, kuɗin mota kaɗai yakan gagari ɗan gudun hijira. Shi ya sa nake fara duba abin da gida zai iya gyarawa kafin in rubuta takardar tura mara lafiya. A ziyara ta huɗu yarinyar ce da kanta ta kawo mini ruwa a moɗa, ko da yake har lokacin ba ta yarda mun haɗa ido ba.