Masu ƙirga matakala: yadda muke zagaya birane da dattawa

Kamfaninmu ƙarami ne, aikinsa kuma ɗaya: kai dattawa su ga manyan biranen duniya ba tare da an tagayyara su ba. Galibin baƙinmu sun haura shekara 65. Akwai mai dogara sanda, akwai wadda aka yi wa aikin gwiwa, akwai mai ciwon suga da dole ya ci abinci a kan kari, akwai kuma wanda lafiyarsa lau, shi dai ba ya son a riƙa kora shi daga wannan gini zuwa wancan. Ba ma ɗaukar ayari babba. Da zarar mutane sun wuce goma, na bayan layi ya daina jin ɗan jagora, in kuma ya fara ɗingishi ba mai lura.

Ba kasafai mai tafiyar ne ke fara neman mu ba. Ɗansa ne ko 'yarsa, wato mai biyan kuɗi, kuma da jerin wurare yake zuwa. Kwana biyar a Italiya, yana so mahaifiyarsa ta ga Kolosiyam, tsohon filin wasan birnin Rum, ta shiga Fadar Batikan, ta hau ƙubbar cocin Santa Bitrus, a kuma leƙa Benis, garin da aka gina a kan ruwa, kafin a juyo. Ba na ganin laifinsa, ƙauna ce ta sa, yana so kuɗinsa su yi auki. Sai in tambaye shi: yaushe rabon Mama da ta hau bene hawa biyu ba ta tsaya ba? Nan hirar take sauya salo. Ƙubbar nan da yake magana matakala 551 ce daga ƙasa, in ma an shiga lifta saura 320, a wani lungu matsattse da ba damar juyowa in numfashi ya ƙare a tsakiya. Benis kuwa gadojinta sun haura 400, kusan kowacce hawa ce da sauka. Ba cewa nake kada a je ba. Ana zuwa, amma a jirgin ruwan haya da ke bin babbar mashigar da ta ratsa garin, mutum na zaune gine-gine na wucewa ta gabansa, a sauka a wurin da aka riga aka san ba gada tsakaninsa da inda za a.

Rabin aikinmu ana gama shi ne tun baƙi ba su ɗaure kaya ba. Duk hanyar da za mu bi da su, sai ɗayanmu ya taka ta da ƙafarsa, a daidai lokacin da za a bi ta. Taswirar waya takan ce tafiyar minti goma ce, amma da sawun matashi ta auna, kuma ba ruwanta da hawa ko gangara. Mu abin da muke rubutawa daban ne: matakala nawa, akwai ƙarfen dafawa ko babu, benci na gaba taku nawa ne, inuwa tana wane gefen titi da hantsi, ban ɗaki mafi kusa yana ƙasa ne ko sai an gangara ƙarƙashin gini. Daɓen titi ma abin dubawa ne. Ƙananan baƙaƙen duwatsun da aka shimfiɗa a tsohon birnin Rum suna da kyau a hoto, amma suna cafke bakin sanda, suna girgiza keken marasa lafiya har haƙoran mai zama su haɗu. Fararen duwatsun gefen titin Lisbon kuwa, in aka yi yayyafi santsi suke yi, ga garin duk tudu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa faɗuwa a matsayi na biyu cikin haɗurran da suka fi kashe mutane, bayan haɗarin mota, kuma waɗanda suka haura 60 abin ya fi ci. Karayar ƙugu a ƙasar da ba taka ba, ba ƙaramar masifa ba ce.

Hatta fitilar tsallaka titi muna aunawa. A Birtaniya an daɗe ana saita ta bisa lissafin cewa mutum na cin mita 1.2 a daƙiƙa guda, alhali dattawa da yawa ba sa kai haka. Sai ka ga fitila ta sauya, mutum yana tsakiyar kwalta, ya ruɗe ya sa sauri, a nan ake tuntuɓe. Singafo ta yi dabara: a wasu mahaɗu dattijo na manna katinsa a jikin sandar fitila, a ƙara masa daƙiƙoƙi. Inda babu irin wannan, gara mu zagaya mu nemi mararrabar da ke da tudun tsayawa a tsakiya, ko da hanya ta ƙara tsawo.

Otal shi ne inda aka fi yaudarar mutane. Kowane otal zai ce maka yana da lifta. Ka je ka tarar da matakala shida daga bakin titi kafin a kai gare ta, ko ka ga 'yar ƙarama ce da mutum biyu da akwati ɗaya sun cika ta, kamar yadda ake yawan gani a tsofaffin gine-ginen Turai. Da tef ɗin awo nake shiga. In auna faɗin ƙofar ɗaki da ta ban ɗaki, in zauna a bakin gado in ji ko ya yi ƙasa da yawa, don tashi daga gajeren gado aiki ne ga mai ciwon gwiwa. Sai wurin wanka. In kwami ne mai zurfi da sai an ɗaga ƙafa an tsallaka, a jiƙe, kan tayil, na soke ɗakin ko da tagarsa na kallon teku. Muna son shawa da ake shiga a miƙe, da ƙarfen dafawa, da kujerar zama. Muna kuma biyan tsada don otal ya kasance a tsakiyar gari, saboda barcin rana ba ya yiwuwa in komawa masauki tafiyar awa guda ce.

A manyan birane, jirgin ƙarƙashin ƙasa shi ne abin alfaharin 'yan gari, mu kuwa shi muka fi gudu. Na Landan tun 1863 yake aiki, kuma cikin tashoshinsa 272 kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai ake shiga ba matakala. Na Paris, wanda aka buɗe a 1900, ya fi muni, layi na 14 ne kaɗai mai keke zai bi daga farko har ƙarshe. Abin da aka gina daga baya shi ke da sauƙi: layin Elizabeth na Landan da aka buɗe a 2022, ko jirgin Dubai na 2009, inda kowace tasha ke da lifta. A tsofaffin birane bas muke hawa. Bas ɗin Landan da na Paris ƙasansu gajere ne, suna da gangarar da ake zarowa, ga shi mutum yana kallon gari ta taga maimakon bangon rami. A Istanbul taragon lantarkin da ke ratsa unguwar Sultanahmet yana sauke mu kusa da masallacin Aya Sofiya, sai dai mu kauce wa lokacin tashi daga aiki, don a cunkoso ba kullum ake samun mai tashi ya ba dattijo wuri ba.

Duk wannan lissafi ne, kowa zai iya koya. Abin da ya fi wuya a sana'ar shi ne dattijo ba ya cewa ya gaji. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana riƙe da gida, ko yana ba da umarni a ofis, ba zai ɗaga hannu a gaban baƙin ido ya ce a tsaya saboda shi ba. Ka tambaye shi, "Baba, a ɗan huta?" zai ce, "A'a, mu je, garau nake." Ƙafarsa za ka duba. Taku ya gajarce, ya fara tsayawa yana duba kayan da ba saye zai yi ba, hira ta ɗauke, hannu yana neman bango. Saboda haka ba ma tambaya. Hutu a rubuce yake cikin tsarin yini tun daga gida, ba wanda ya roƙa, ba wanda za a ce don shi aka tsaya. Ɗan jagora ma mun koya masa ya ajiye labarinsa mafi daɗi sai an iso inda benci yake. Tarihin gini a zaune ake ba da shi, a tsaye kuwa minti biyu ya isa, domin tsayuwa wuri ɗaya ta fi tafiya cin ƙarfin tsoho.

Haka batun keken marasa lafiya. Manyan gidajen tarihi irin su Louvre a Paris suna ba da aron keke da 'yar kujera mai naɗewa kyauta, kuma zaurukansu doguwar tafiya ce ko ga saurayi. Amma ka tura wa mutum keke a bakin ƙofa, ka gama ɓata masa yini. Wani dattijo da muka yi tafiya da shi, ko kallon keken bai yi ba, ya ce shi ba majinyaci ba ne. Ban ja da shi ba. Na karɓi keken, muka loda masa jakunkuna da riguna, ina turawa a bayan ayari. Da aka ci zaure uku, matarsa ta ce, "Malam, riƙe mini jakar nan a cinyarka, ta yi mini nauyi." Ya zauna don ya riƙe mata jaka. Bai tashi ba sai a ƙofar fita, kuma ba wanda ya tanka.

Tsarin yininmu ba shi da yawa. Wuri ɗaya babba da safe, da tikitin da aka saya tun da wuri mai ɗauke da lokacin shiga, don layi shi ne babban abokin gabarmu. Abincin rana a zaune, a natse. Sai a koma otal. Da la'asar wani abu mai sauƙi, lambu ko zagaye a jirgin ruwa, wanda kuma ya ce shi yau ya ƙoshi, ba a yi masa magiya. Ranar da aka sauka daga jirgi ba ma sa komai, kuma a tsakiyar mako akwai yini guda da muke bari fayau. Masu biyan kuɗi sun fi yin ƙorafi a kan wannan yinin, masu tafiyar kuwa ban taɓa jin sun yi ba.

Ban ɗaki magana ce da mutane ke jin nauyin yi, mu kuwa a kanta muke gina hanya. Dattawa da yawa suna shan maganin hawan jini mai sa yawan fitsari. Don gudun neman ban ɗaki a titi sai su ƙi shan ruwa, ga shi kuma jin ƙishirwa yana raguwa da shekaru, sai jiri ya kwashi mutum da tsakar rana a ɗauka wani ciwon ne. Tun da safe muke sanar da kowa inda za a tsaya da kuma lokacin, sai ka ga an saki jiki ana shan ruwa. Magani kuwa a jakar hannu yake tafiya, cikin kwalinsa na asali, tare da takardar likita. Allurar insulin ba ta shiga akwatin da za a sa a cikin kayan jirgi, sanyi na iya lalata ta, akwatin ma na iya ɓata. Wasu ƙasashe, irin su Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Japan, suna tsaurarawa a kan magungunan kashe raɗaɗi masu ƙarfi, dole a bincika kafin a tashi. In za a tsallaka zuwa inda agogo ya bambanta, likitan mutum ne zai gyara masa lokutan sha, mu ba ma sa baki.

A filin jirgi ma akwai haƙƙin da mutane ba su san suna da shi ba. Tun 2008 dokar Tarayyar Turai ta wajabta wa filayen jiragenta taimaka wa mai raunin tafiya kyauta, in an sanar awa 48 kafin tashi. Kamfanonin jirage suna da alamomi uku da ake sawa a tikiti: WCHR ga wanda zai iya hawa matakala amma doguwar tafiya ta fi ƙarfinsa, WCHS ga wanda ba ya iya matakala, WCHC ga wanda sai an kai shi har kujerarsa. Sa alamar da ba daidai ba na nufin a iso gindin jirgi a tarar ba na'urar ɗagawa. Inshora kuma, bizar Shengen, wadda ake shiga yawancin ƙasashen Turai da ita, na neman wadda za ta ɗauki aƙalla Yuro 30,000 na jinya, amma adadin ba shi ne abin dubawa ba. A karanta ko ta haɗa da ciwon da mutum ke da shi tun kafin tafiya, don nan ne kamfanoni ke zamewa.

Kasuwar tana faɗaɗa. Lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna nan da 2030 mutum ɗaya cikin shida a duniya zai kasance ya kai shekara 60, birane kuma sun fara gyara. Dutsen Akropolis na Atina, wanda a da sai mai ƙarfin gwiwa, an sa masa lifta a 2004, aka sauya sabuwa a 2020. Kolosiyam ma yana da tasa. Duk da haka ba na sha'awar kamfanin ya kumbura. Ribar sana'ar yawon buɗe ido a yawan kai take, a cika babbar mota a zazzaga wurare shida a yini, mu kuwa mutum takwas muke ɗauka da ma'aikata biyu, ɗaya a gaba ɗaya a baya, ga kuɗin zuwa duba hanya da ba wanda ke gani a rasit. Kuma dubawar ba ta ƙarewa. Lifta takan lalace, a kan tone titi, gidan shayin da muke dogaro da ban ɗakinsa yakan rufe. Kowace safiya, kafin baƙi su gama karin kumallo, ɗayanmu ya riga ya buga waya ko ya taka zuwa wurin da za a je, in liftar ba ta aiki a juya tsarin yau ya koma na gobe.