Kokowar jiragen iska: wasiƙa zuwa Tawa daga bakin teku

Zuwa ga iyayena, yayyena da ƙannena na Tawa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kowa yana lafiya, daga Bilbis har Garkawa da Wadata, har ƴan'uwa da neman abinci ya kai Yamai. Mu nan Saint-Nazaire sai godiyar Allah. Garin yana yammacin Faransa, daidai inda kogin Loire ke zubewa cikin tekun Atlantika, kuma da ƙera jiragen ruwa aka san shi. A nan aka ƙera Queen Mary 2, aka miƙa shi ga masu shi a ƙarshen 2003. Amma yau zancen wasu ƙananan jirage ne ya sa na ɗauki alƙalami, masu ƙyallen da iska ke turawa, da yaran da na ga an sakar wa tuƙinsu.

Kusa da mu akwai wani ɗan gari, Pornichet, wanda ƙungiyar masu jiragen iska ta wurin ta daɗe tana shirya gasar ƙasa da ƙasa. A tseren da aka saba, jirage da yawa ake saki lokaci guda, kowa ya yi ta kansa. Wannan kuwa biyu-biyu ake yi. Mu da aka fara neman takobin kokowa na ƙasa a garinmu a 1975, ba sai an yi mana dogon bayani ba: mutum biyu cikin fili, ba ruwan kowa da minti nawa aka ɗauka, abin tambaya ɗaya ne, wa ya kada wani. Bambancin shi ne a kokowa in aka kada ka sau ɗaya, kai da takobi sai baɗi. Su nan a zagayen farko kowa sai ya kara da kowa, a lissafa nasarori, sannan waɗanda ke sama su shiga zagayen sallama, inda sai ka ci abokin karawarka sau biyu ko uku kafin ka wuce.

Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne ba wanda ke zuwa da jirginsa. Masu masaukin baƙi ne ke ba da jiragen, duka iri ɗaya, ƙira ɗaya, ƙyalle ɗaya, igiya ɗaya. Na Pornichet ana ce musu J/80, tsawon kowane mita 8. An hana ka ƙara wani abu ko ka rage, kuma ana musanya su tsakanin ƴan wasa, don kada wani ya ce nasa ne mai nauyi. Har mutanen da za su hau sai an ɗora su a sikeli: a irin wannan gasa ƙa'idar da aka saba ita ce kilo 87.5 ga kowane mutum in an raba daidai, wato mutum huɗu kada su wuce kilo 350. Ɗan mai kuɗi da ɗan mai gyaran mota jirgi ɗaya ake miƙa musu da safe.

Cikin masu karawar akwai wata tawaga ta yara, samari uku da budurwa ɗaya, ɗalibai, babbansu da ƙyar in ya wuce shekara ashirin. Saboda su na tsaya bakin ruwa har iska ta busar mini da leɓe. Hannayensu na fara lura da su sa'ad da suke shirya jirgi: safar hannu mai yankakkun yatsu, duk ta cinye wajen tafi, an naɗe yatsun da salatif inda igiya ta ci fata. Ba wani babba cikin jirgin. Mai koyar da su ya tsaya a kan gaɓa da hannu cikin aljihu, don da zarar an busa ba shi da ikon cewa uffan.

Sai na ɗan yi muku bayanin iska, in ba haka ba sauran zancen ba zai shiga ba. Jirgin ƙyalle ba ya iya fuskantar iska kai tsaye. In inda za ka yana wajen da iska ke fitowa, dole ka karkace, ka yi dama ka yi hagu, kana hawa kaɗan-kaɗan. Ana ɗaure wata ƙatuwar alamar roba can saman iska, wata a ƙasa, a hau a sauko sau biyu, duka-duka kamar minti ashirin. Wajen hawa, na gaba yana tare wa na baya iska, ya bar masa gurɓatacciya. Wajen saukowa kuma abin ya juye: iska daga baya take zuwa, na baya ne ke fara shan ta, ya buɗe wani babban ƙyalle mai kumbura ya rufe na gaba har ya sa shi ya yi sanyi. Shi ya sa ba a cika barin juna da nisa ba. Dokokin hanya kuma su ne makamin faɗan. Wanda iska ke bugun jirginsa ta dama shi ke da hanya, ɗayan dole ya kauce. In kuma ta gefe ɗaya take bugunsu suna jere, wanda ya fi kusa da inda iskar ke fitowa shi ne mai kaucewa.

Daɗin wasan duk yana cikin minti huɗu na kafin a tashi. Ana shata layi tsakanin jirgin masu shirya gasa da wata alama. Jirgi ɗaya mai shuɗiyar tuta ya shigo ta wannan baki, mai rawayar tuta ya shigo ta wancan, su nufo juna gadan-gadan. Na ga yaran nan sun tunkari wasu ƙwararru da suka girme su nesa ba kusa ba. Saura ƙiris su haɗu, sai duka biyun suka juya hanci cikin iska suka tsaya cik, kafaɗa da kafaɗa, ƙyallaye na ta kaɗawa da ƙara, kowa na jiran ɗan'uwansa ya fara motsi. Har jiragen suka soma ja da baya. Daga nan suka ɓalle suka shiga zagaya juna, kowa na son ya kama wutsiyar wani ya kore shi nesa da layi. Yarinyar tana tsaye a hancin jirgi, hannu ɗaya riƙe da waya ta ƙarfe, ɗayan a sama tana nuna wa matuƙi da yatsu tsawon jirgi nawa ya rage su taɓa layi. Ko waiwaye ba ta yi. Uku, biyu, ɗaya, sai ta dunƙule hannu.

A wannan rububin ne aka kama yaran da laifi. Alƙalai biyu na bin jiragen a baya cikin ƙaramin jirgi mai inji. In kana ganin an taka maka doka, sai ka ɗaga wata ƴar tuta mai ratsin ja da rawaya, nan take su busa usur su yanke: kore da fari, ba laifi; shuɗi ko rawaya, laifin mai wannan tutar ne. Ba ɗaukaka ƙara, ba taron dattawa da yamma. Tarar ita ce ka juya jirginka kusan zagaye guda, abin da ke cin tazara mai yawa. Sai dai an bar maka zaɓi: kana iya riƙe bashin har zuwa gab da ƙarshe, muddin za ka biya kafin ka tsallake layi. In kuma ka sa abokin karawarka shi ma ya yi laifi, bashi ya ci bashi, kowa ya tashi wanke.

To, yaran sun shiga saukowar ƙarshe suna gaba, da bashi a wuya, tazarar kuma ba ta isa su juya su tsira ba. Wani tsoho da ke kusa da ni ya girgiza kai. Sai kawai matuƙin ya rage gudu da gangan. Ya bar manyan suka taso har suka jera da shi ta wajen iska, sannan ya karkato musu da hanci a hankali, yana matsa su, su kuma doka ta ce su kauce. Ba su kauce da wuri ba, babban ƙyallensu ya shafi wayoyin jirgin yaran. Tuta ta tashi, usur ya yi ƙara, bashi ya goge. Da rabin tsawon jirgi yaran suka ci. Yaro ɗan shekara ashirin ya yanke wannan shawara cikin ƙiftawar ido, ya ajiye nasarar da ke hannunsa don ya kamo wadda ta fi ta tabbas, ba wanda ya raɗa masa a kunne.

Ba su kai ƙarshe ba, an sallame su a zagaye na gaba, kuma waɗanda suka fitar da su sun fi su a fili. Da yamma aka taru a zauren ƙungiyar, alƙalai suka zuba ƴan jiragen roba a kan tebur suna maimaita rigingimun ranar ɗaya bayan ɗaya. Yaron nan ya miƙe ya ce bai yarda da hukuncin safe ba, ya matsa jiragen da yatsa ya nuna yadda shi ya gani. Alƙalin, mai furfura, ya saurare shi har ya gama, ya nuna masa daga inda su suka hango. Ba a canza hukunci ba, ba kuma wanda ya ce yaron ya yi rashin kunya. Mu da muka tashi ba a haɗa ido da babba, wannan ya tsaya mini a rai fiye da tseren kansa.

Wasan yana da tsohon tarihi. Kofin Amurka, wanda shi ne uban irin wannan karawa, ya samo asali daga tseren da aka yi a Ingila a 1851, Amurkawa suka riƙe shi shekara 132 kafin Ostareliya ta ƙwace a 1983. A 2024 a Basalona, Niyu Zilan ta doke Birtaniya 7 da 2. Afirka ma ta taɓa leƙawa, da jirgin Afirka ta Kudu mai suna Shosholoza a 2007. Na matasa kuwa, tun 1967 ake yin Kofin Gwamna a Kalifoniya, wanda Ronald Reagan ya bayar yana gwamnan jihar, kuma akwai gasar duniya ta ƴan ƙasa da shekara 23.

Da na ba kawuna labari a waya, tambayarsa ta farko irin tamu ce ta Adarawa: "To, ɗana, nawa ake ci?" Na ce, "Kawu, a matakin yaran nan kashewa ake yi." Gaskiyar ke nan. Jirgi na aro ne, amma kuɗin mota, masauki, rajista da ajiyar da ake bayarwa ko da za a fasa wani abu, duk daga aljihu suke fita, ko na iyaye ko na ƙungiya. Daidaiton na ranar gasa ne. Kafin ranar, akwai shekara goma ko fiye da yaro ya yi yana wasa da iska tun yana firamare, cikin jirgin da ƙungiyar garinsu ta saya ta ajiye don ƴaƴan kowa.

Nan ne tunanina ya dawo gida. Ba mu da teku, amma ba a ce ba mu da ruwa ba. Mutanen Yamai na da kogi a ƙofar gida. Mu muna da tafkin Tabalak a hanyar Agadas, kuma lokacin da yake cike bayan damina shi ne lokacin da iskar hunturu ke kaɗawa ba fashi. Kuna tune da Hamadou Djibo Issaka, wanda ya wakilci Nijar a tseren kwale-kwale a gasar Olamfik ta Landan a 2012 bayan horon wata uku kacal. Shi ya zo ƙarshe, Turawa suka miƙe suna yi masa tafi, mu ma muka ji daɗi. Ni dai har yau abin da ke cina shi ne wata ukun nan, alhali abokan karawarsa tun suna yara suke cikin ruwa.

Jirgin da yawancin yaran nan ke farawa da shi, Optimist, bai kai mita biyu da rabi ba. Wani maƙerin jirage a Amurka, Clark Mills, ya zana shi a 1947 don a iya haɗa shi da falankin katako a kan kuɗi kaɗan, yaro shi kaɗai ya tuƙa. Na duba shi ciki da waje, ban ga abin da zai gagari kafintan da ke haɗa gado da kabad a Tawa ba. Ƙyallen kuma aikin tela ne mai ɗinkin tanti.

Na san abin da wasunku za su ce, kuma da gaskiyarku. Ana fama da tsadar hatsi da rashin tsaron hanya, wa ke ta jirgin wasa? Tafki na ja baya da rani, akwai tsargiya a ruwan kwance, kogi kuma na da dorina. Masunta da masu lambu na bakin tafki su ma suna da hakki, ba za a shiga musu ruwa ba sai da yardarsu. Shi ya sa ni a ganina jirgi ba shi ne farko ba. Iyo ne farko. A nan ba a barin yaro ya hau sai an tabbatar ba ya tsoron ruwa, kuma da rigar ceto a jikinsa. Mu kuwa kowace damina sai mun ji an tsamo yaro daga gulbi ko kududdufin da aka haƙa don yin bulo, mu yi ta'aziyya mu watse. Hana su zuwa ba ya aiki, duk wanda ya yi ƙuruciya ya sani. Masuntanmu sun iya ruwa, su ne malaman da ba sai an ɗauko daga waje ba.

In an samu wannan, sauran mai sauƙi ne: kwale-kwale biyu masu girma ɗaya, mallakar ƙungiyar matasa ko ta makaranta, ba na wani alhaji ba, a riƙa ara wa yara bi da bi, a sa musu doka da alƙali, babba ya tsaya a gaɓa. Ko da tuƙin hannu aka fara ya wadatar, ƙyalle ya biyo baya.

Wani abokin aikina da ƴarsa ke koyon tuƙi ya ce zai samo mini zanen ƙaramin jirgin da awonsa. Kafinta ko malamin makarantar da ke son gani ya faɗa wa mutanen gidanmu, zan turo ta WhatsApp. A gaida iyaye mata, a gaida malamai, a sa mu cikin addu'a.

Ɗanku kuma ɗan'uwanku,
daga Saint-Nazaire