Daga Tawa zuwa Abalak, a sawun karen Azawak

Mun bar Tawa bayan sallar asuba, cikin hunturun Janairu, hazo ya lulluɓe duwatsun Adar har ba a ganin gaban mota da nisa. Hanyar Agadas ce, wadda aka shimfiɗa domin jigilar yuraniyom na Arlit, kuma manyan motoci sun ci ta sosai. Bayan kamar kilomita 50 muka iso tabkin Tabalak, inda masunta ke shanya kifi, masu lambu na ban ruwa. Daga nan gonaki suka soma ja da baya, ƙasa ta buɗe, sai farar ƙasa da aduwa da ciyawar da ta bushe ta yi fari. Abalak tana kusan kilomita 135 daga Tawa. Tun 1961 dokar Nijar ta ja iyakar noma ta arewa, abin da ke bayanta na makiyaya ne. Wannan fili shi ne Azawak, kwarin wani tsohon kogi da ya ƙafe tun zamanin da, ya ratsa arewa maso yammacin Nijar da gabashin Mali. Jajayen shanun nan masu nono sunansa suka ɗauka, haka ma karen da ya kawo ni.

Daga Abalak muka bar kwalta, muka bi sawun motoci cikin yashi zuwa wani zangon Buzaye kusa da rijiya. Can arewa, wajen Tasara da Tiliya, rashin tsaro ya sa ba a shiga sai da dalili mai ƙarfi, don haka ba mu yi nisa ba. Kafin mu hango tantunan fata, karnuka huɗu sun riga sun tare mu, suna kewaya motar da haushi mai kauri wanda bai yi kama da siraran jikinsu ba. Baƙo a nan ba ya saukowa sai mai zango ya fito. Idan ka sauko kuma, kada ka miƙa hannu, kada ka ƙura musu ido, kada ka yi gudu. Dattijon ya tsawata sau ɗaya, suka koma gefe suka kwanta, amma har aka gama shayi na uku idonsu bai bar kanmu ba. Halin irin ke nan: yana manne wa mutanen gidansa, yana ja da baya daga kowa. Wanda ya ɗauki wannan a matsayin mugunta ya sa sanda, ɓata karen zai yi, don ba ya manta duka.

Da yaren Buzaye kowane kare idi ne, amma wannan dogon na farauta oska suke ce masa. Tsayinsa daga ƙasa zuwa doron kafaɗa ya ɗan fi tsawon jikinsa, abin da ba a cika gani a karnuka ba. Ma'aunin da Turawa suka rubuta ya ba namiji santimita 64 zuwa 74 da kilo 20 zuwa 25, macen kuma santimita 60 zuwa 70 da kilo 15 zuwa 20. Ƙirji mai zurfi, ciki a ɗame kamar an ɗaure shi da igiya, ƙasusuwan ƙugu daidai da kafaɗa ko ma sun ɗan ɗara ta. Gashi gajere ƙwarai, a mara kusan babu. Launi daga ruwan yashi zuwa ja mai duhu, wasu da zane-zane baƙaƙe, yawanci da fari a ƙirji da ƙafafu da bakin wutsiya. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan amsa ce ga ƙasar: dogayen ƙafafu suna ɗaga ciki daga zafin yashi, siririyar fata marar kitse tana fitar da zafi, zurfin ƙirji na gudu ne.

Nan ne mutanen gari suka fi kuskure. Sun ga haƙarƙari a waje sai su ce yunwa ce, su dinga ɗura masa abinci. Lafiyayyen oska dole a ga haƙarƙarinsa uku zuwa biyar da kan ƙasusuwan ƙugu. Ba a haƙarƙari ake gane yunwa ba, a cinya ake ganewa. Na dafa cinyar wata karya da ta yarda da hannu: nama cike, tauri kamar na ɗan kokawa, gashi na sheƙi, dasashi ja-ja-ja. Wanda yunwa ko cuta ta kama, cinyarsa ta lafe, gefen kansa sama da ido ya loɓa, ƙashin baya ya fito gaba ɗaya kamar carbi, gashi ya dushe. Ɗan kwikwiyo mai ƙaton tumbi da siraran ƙafafu kuwa tsutsar ciki ce, ba ƙoshi ba. Kitse a jikin wannan kare nauyi ne a kan gaɓoɓin da ba a yi su don ɗaukar kaya ba.

Abincinsu na zangon shi ne na mutanen zangon. Da yamma na ga uwargida ta kwashe ragowar tuwon gero ta dama da tsala ta zuba a tsohon akushi. Nama sai ranar yanka ko ranar da suka kamo da kansu. Ga mai son auna wa babban kare mai kilo 20 da ke motsa jiki, garin gero giram 200 zuwa 250 da aka dafa ya nuna sosai, da rabin lita na nono, da nama ko kifi ko ƙwai kamar giram 150, a raba safe da yamma, ya wadatar. Geron da bai dahu ba fita yake yadda ya shiga. Nono mai tsami ya fi ɗanyar madara, wadda ke sa manyan karnuka da yawa zawo. Nonon nan kuma shi ne sirrin ƙashinsu: kwikwiyon da aka raina da hatsi zalla, ko da tsokar nama zalla, ƙafafunsa na gaba sukan lanƙwashe saboda ƙarancin sinadarin ƙashi. Inda nono ya yi wuya, a busar da ɓawon ƙwai a daka shi lukui, a barbaɗa rabin ƙaramin cokali a abincin yini na babban kare. Ragowar miya mai albasa da yawa ba ta dace ba, albasa tana fasa jajayen ƙwayoyin jinin kare, ɗanya ko dafaffiya. Dafaffen ƙashin kaza ko na zabo yana tsagewa ya soki hanji. Ruwa kuwa, lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi a yini, a bazara ya fi haka. Kuma kada a sake shi gudu da cikakken ciki, don karnuka masu zurfin ƙirji tumbinsu kan kumbura ya murɗe, wannan kuwa cikin sa'o'i yake kisa.

Washegari aka yanka akuya, a nan na ga abin da ban ji daɗinsa ba. Huhun yana da wasu ƙululai masu ruwa, aka yanke wurin aka jefa wa karnuka. Waɗannan ƙululan 'ya'yan wata ƙaramar tsutsa ce da ke girma a hanjin kare. Ƙwayayenta suna fita a kashinsa, su hau ciyawa da hannun yara, su koma su yi irin ƙululan a hanta ko huhun dabba da na mutum. Kare shi kansa ba ya nuna alamar komai. Maganin ba tsada: huhu ko hanta mai ƙululu a ƙone ko a binne da zurfi, sauran kayan ciki a tafasa kafin a ba kare, sannan a ba shi maganin tsutsa na firazikwantel miligiram 5 a kowane kilo na nauyinsa. Bayan wata uku-uku ya isa ga na gida, amma wanda ke cin kayan ciki ɗanye yana bukatar sa duk mako shida.

Da dare sanyi ya sauko da ƙarfi. Karnukan sun haƙa ramuka a yashi ta ɓangaren da tanti ya kare iska, suka kwanta a cure, wannan kan wannan. Da rana irin ramin suke haƙawa a inuwa don neman sanyin ƙasa. Zafi ba ya damunsu kamar sanyi da jiƙa, don haka wanda ke da guda ɗaya tilo ya ba shi buhu ko tsohon bargo a lungun da iska ba ta bugawa. Can tsakar dare dila ya yi kuka, duka huɗun suka tashi tare suka nufi wajen garken awaki. Aikinsu na farko ke nan, gadi. Farauta ta biyo baya, balle yanzu da barewa ta yi ƙaranci bayan farin 1973 da na 1984 da masu bin ta da mota da bindiga.

Zomo dai yana nan. Da hantsi wani ya tashi daga gindin sabara, biyu suka bi shi. Da ido suke farauta, ba da hanci ba, kuma gudunsu kan kai kusan kilomita 60 a sa'a. Tsalle-tsalle suke kamar ba sa taɓa ƙasa, ɗaya na kora, ɗaya na yanke hanya. Da suka dawo, wani yaro ya zauna ya ɗaga ƙafafunsu ɗaya bayan ɗaya yana cire ƙarangiya daga tsakanin yatsu. Wannan ɗan aikin ya fi magani da yawa amfani. Ƙarangiya ko ƙayar aduwa da ta kwana a tafin ƙafa ita ce ke zama ƙurji, kare ya yi mako yana ɗingishi. Fatarsu siririya ce, tana yagewa da sauƙi, amma tana warkewa da wuri idan an wanke da ruwan gishiri, ƙaramin cokali ɗaya a rabin lita na tafasasshen ruwa, aka kuma kare ta daga ƙuda.

Karyar Azawak sau da yawa sau ɗaya take barbara a shekara, ba sau biyu irin na sauran karnuka ba, ciki kuma kwana 63 ne ko kusa da haka. Dattijon ya bayyana mini cewa ba duka 'ya'yan ake rainawa ba, zango ba ya iya ciyar da su. Akan zaɓi ɗaya ko biyu, galibi maza, sauran a bayar in an sami mai so. Yunwa da cuta da kura su ma suna nasu zaɓin. Haka irin ya samu, ba da littafin asali ba. A farkon shekarun 1970 aka kai na farko Yugoslabiya da Faransa, daga baya ƙungiyar masu kiwon karnuka ta duniya da ke Beljiyam ta rubuta masa ƙa'ida, ta Amurka kuma ta karɓe shi cikakke a 2019. Ƙa'idar takarda ta fi ta daji ƙunci: akwai launuka da na gani a bakin rijiya waɗanda alƙalan Turai za su ƙi, alhali a wurin aiki ba su da aibi. Karnukan can kuma daga 'yan kakanni kaɗan suka fito, shi ya sa masu kiwonsu ke fama da farfaɗiya da ciwon maƙoƙo a wasu zuriyoyi. A ganina babban haɗarin da ke nan gida shi ne gauraya. Kusa da kwalta na ga 'ya'yan da aka haɗa da karnukan gari da na Turai, masu gajerun ƙafafu da kaurin gashi, ba gudu, ba juriyar rana.

Abin da daji bai ba su ba shi ne rigakafi. Zawon jini mai amai yana share 'yan kwikwiyo cikin kwana biyu ko uku, kuma ƙwayar cutar tana daɗewa a ƙasa wata da watanni. Allurarsa, wadda aka haɗa da ta ciwon nan mai majina da kwantsa da karkarwa, ana fara ta a mako 6 zuwa 8, a maimaita duk mako 3 ko 4 har mako 16. Maganin tsutsa na firantel tun mako 2, sai 4, 6 da 8. Allurar haukan kare a wata 3, a sabunta kowace shekara. Matsalar a nan sanyi ce: allura tana son a ajiye ta a sanyin digiri 2 zuwa 8, wadda ta kwana a aljihu ko ta sha rana a kasuwa ruwa ce kawai. A karɓa daga ma'aikatan kiwo, cikin kula mai ƙanƙara, a yi ta ranar. Ba a kiwon kare ranar farauta, haka ma ba a neman allura ranar da ya fara dalala. In kare ya ciji mutum, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana minti 15, a tafi asibiti a ranar, a tsare karen kwana 10 ana duba shi.

Kaska ita ma matsala ce. A duba cikin kunne, wuya da tsakanin yatsu, a kama ta dab da fata a ja a hankali. Dasashi ya yi fari, fitsari ya yi duhu kamar shayi, zafin jiki ya haura digiri 39.5, wannan zazzaɓin kaska ne, sai likitan dabbobi. Na ga ana shafa wa kare ruwan wankan shanu da ƙarfin da ake dama wa saniya, kuma wannan guba ce ga dabba marar kitse mai lasar jikinta. Farasitamol da ibufurofen da diklofenak na mutane ma suna lalata masa hanta ko ƙoda ko tumbi. In za a yi masa aiki, a tuna wa likita cewa irin waɗannan sirara suna daɗewa ba su farfaɗo daga tsohuwar allurar barci ta tiyofental ba.

Wani abokin tafiya ya yi ta ɗage rigarsa kada kare ya shafe shi. Mutanen zangon Malikawa ne kamarmu, kuma a mazhabar kare mai rai ba najasa ba ne, an halatta riƙe shi don farauta da kiwo da gadin gona, aya ta 4 a Suratul Ma'ida kuma ta yi magana a kan abin da horarrun dabbobin farauta suka kamo. Akushin karnuka daban yake, ba ya haɗuwa da na mutane, tsafta ta cika.

A hanyar dawowa direbanmu ya so ya taho da kwikwiyo ɗan mako biyar, na hana shi. Kafin mako takwas bai gama koyon zama da 'yan'uwansa daga uwarsa ba, kuma abin da bai saba da shi ba kafin mako goma sha biyu, mota ko yara ko baƙi, da wuya ya sake da shi daga baya. A gari yana bukatar katanga mai tsayin kusan mita biyu, fili na gudu safe da yamma, da faffaɗan abin wuya, don kansa bai fi wuyansa kauri ba, siririyar igiya zamewa take. A sarƙa kuwa lalacewa yake yi. Direban gidan haya yake zaune a Tawa, ɗaki biyu da tsakar gida ɗaya da maƙwabta. Muka mayar da kwikwiyon ramin uwarsa, muka sayi cuku a Abalak, muka kama kwalta kafin la'asar.