Talata: Shafina da Shafin Ofis

Yau aikina na ofishin jawo masu zuba jari ya kai ni kasuwar Dawanau tare da wasu baƙi masu neman riɗi da zoɓo domin fitarwa ƙasashen waje. Muna cikin wani sito, lebura na ɗora buhuna a kan sikeli, ƙurar riɗi ta cika mana mayafi, sai mai siton ya gane ni, ya ce yana bin rubutuna a Facebook. Ya ce, "Hajiya, don Allah ki ɗauki hoton wurin nan ki sa a shafinki, ki ce kin ga kayanmu da idonki." Na ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, idan na sa naka kaɗai, gobe maƙwabcinka zai ce ofishinmu yana da ɗan lele."

Maganar ta tsaya mini a rai har yamma. Na rubuta a saman shafina cewa ra'ayin da ke ciki nawa ne, amma a Kano babu mai raba ma'aikacin ofishin jawo masu zuba jari da ofishinsa. Duk abin da na faɗa, ana ɗaukarsa a matsayin alkawarin hukuma. Duk da haka ba zan rufe shafin ba, domin mutane fuska suke yarda da ita, ba tambari ba. Shafin ofis cike yake da hotunan yanke ƙyalle da musabaha, alhali matashin da ke ɗinki a Fagge ni yake turo wa saƙo cikin dare, yana tambayar yadda zai yi wa sana'arsa rajista a hukumar CAC mai yi wa kamfanoni rajista, ko yadda ake samun takardar fitar da kaya daga NEPC, hukumar bunƙasa fitar da kaya ƙasashen waje, ko kuma abin da tashar tsandauri ta Dala, wadda aka buɗe a Zawaciki a 2023, za ta rage masa na wahalar tashar jiragen ruwan Legas. Irin wannan bayani haƙƙin jama'a ne, kuma ina yin sa da sunana ba tare da fargaba ba.

Abin da ba na taɓawa shi ne sunan mai zuba jarin da bai sa hannu ba tukuna, da adadin kuɗi, da siyasa. Gwamnati takan sauya, masana'antun Sharaɗa da Bompai da Challawa kuwa suna nan, kuma dole mai kowace irin hula ya iya shigowa ofishina hankali kwance.

Bayan la'asar shugabanmu ya nemi kowane ma'aikaci ya riƙa yaɗa duk sanarwar ofis a shafinsa. Na ce, "Ranka ya daɗe, zan yaɗa wadda ta shafi masu bibiyata, in ƙara mata bayani da Hausar da za su gane, amma idan shafina ya koma allon sanarwa, za su daina karantawa, ofis ma ya yi asara." Ya amince mu zauna da jami'in hulɗa da jama'a ranar Alhamis mu rubuta ƙa'ida, kuma zan nemi a sa batun neman izinin mutane kafin a wallafa hotonsu.