Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Madarar Gwangwani

Makon jiya na tsaya ne a inda 'yan sashen kaɗi suka ɗaga hannu suka zaɓe ni wakilinsu a ƙungiya. Da niyyata yau in shiga maganar aurena na biyu, don ita ce ke biye, amma tun ranar Juma'a zancen Kawu ke cin raina, ba zan iya tsallake shi ba. Goggo ma ta aiko a gaya mini wai in bar tone-tone, waɗanda suka yi abin sun tsufa, wasu sun riga mu gidan gaskiya. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Amma Goggo ki gafarce ni, wannan karon sai na faɗa.

Kun dai san Kawu ne ya kawo ni Kakuri ta Kaduna zamanin Shagari, shi ya tsaya mini aka ɗauke ni aiki a masaƙa. Shi yana ɗakin da ake kwance dilolin auduga a zuba wa inji ya wargaza ta, kafin ta wuce wurin shiɓa. Duk faɗin kamfanin babu inda ya kai wannan ɗaki ƙura. In aka busa jiniyar tashi, saurayi sabon jini zai fito kansa da girarsa da gashin hancinsa fari fat kamar tsoho mai furfura. Kowace Litinin Kawu sai ya dafe ƙirji, ya ce ya ɗaure masa, numfashi ba ya kaiwa ƙasa. Zuwa Laraba ko Alhamis sai abin ya sake shi. A kilinik ɗin kamfani sai a ɗura masa maganin tari a kwalba, a ce ya rage shan taba, bawan Allahn da ko sau ɗaya bai taɓa kai sigari bakinsa ba.

Wata rana wani ƙarfe ya karye a injin shiɓa. Manaja da kansa ya sauko, aka kira injiniya, aka yi ta waya, ba a yi mako ba sai ga sabon ƙarfe a cikin akwati. Muna tafiya gida da yamma Kawu yana tura kekensa, don hawa ya fara gagararsa, sai ya ce mini, "Ɗana, ka ga yadda suka rikice a kan ƙarfe? Inji na da safaya, ƙirji ba shi da ita." Bai ƙara komai ba. Wannan magana ita ta bi ni har yau da nake rubutun nan.

A 1987 gwamnatin Babangida ta fito da sabuwar dokar masana'antu, da wata dokar ta biyan diyya ga ma'aikacin da ya ji rauni a bakin aiki. Uwar ƙungiyarmu ta ma'aikatan masaƙu, wadda hedkwatarta ke nan Kaduna, ta shiga kiran wakilai kwas a kansu. Lokacin Kwamared Adams Oshiomhole ne babban sakatare, kuma duk abin da mutum zai ce game da siyasarsa ta baya, a wancan zamani ƙungiyar ta ɗauki ilimin wakilai da muhimmanci. A wannan kwas ne malamin da ke koya mana ya manna babbar takarda a bango, ya zana siffar mutum gaba da baya, ya miƙa mana alƙalami ya ce kowa ya je ya ɗiga inda ke masa ciwo in ya tashi aiki. Muka bi layi. Da aka gama sai ga 'yan saƙa duk sun taru a kunne, 'yan rini a hannu da ido saboda soda da sinadarai, masu ɗaukar dila a ƙugu, mu 'yan kaɗi da shiɓa kuwa mun cika ƙirjin mutumin nan da tawada har takardar ta huje. Kowa dā yana zaton ciwonsa nasa ne shi kaɗai, ko gado ne, ko sammu.

Sai malamin ya tambaya, "Waye a cikinku ƙirjinsa ke ɗaurewa ranar Litinin?" Gabana ya faɗi. Ya ce cuta ce sananniya, likitoci na kiranta bisinosis, ƙurar ɗanyar auduga ke kawo ta, an daɗe da saninta a masaƙun Ingila. Alamarta ta farko ke nan, ta kama mutum ranar da ya dawo daga hutu, ta sassauta a tsakiyar mako. In aka shekara da shekaru ana shaƙa sai ta daina sassautawa, ta zauna daram, kuma huhun da ya lalace ba ya komawa. Ni dai ban ji sauran darasin wannan yini ba, Kawu kawai nake gani yana tura keke.

Abu guda da aka nanata mana har ya zauna mini shi ne, takunkumi shi ne matakin ƙarshe. Da farko a hana ƙurar tashi, a tsotse ta tun daga bakin inji, a daina share ɗaki da iskar bututu wadda ke ƙara watsa ta, a rage wa mutum daɗewa a ciki. In duk an yi wannan, sannan a zo maganar abin rufe hanci. Kuma dokar 1987 ɗin ta faɗa ƙarara: wajibi ne mai masana'anta ya fitar da ƙura da hayaƙi masu cutarwa, ya killace bel da haƙoran inji, ya ajiye akwatin taimakon gaggawa, ya sanar da sufeton ma'aikatar ƙwadago duk haɗarin da ya kashe mutum ko ya hana shi aiki fiye da kwana 3. Daga baya na je Ilori, cibiyar nazarin ƙwadago da aka sa wa sunan Michael Imoudu, na ƙara wani kwas ɗin, amma wancan na farko shi ya buɗe mini ido.

Da na dawo sai na mayar da abin Hausa, don littafin da aka ba mu da Turanci yake, mutanena kuwa yawancinsu allo suka yi. A gindin dalbejiyar da ke bayan kantin abinci muke zama lokacin hutun rabin awa, kowa da kwanonsa a hannu. Ba ƙaramar wahala na sha ba. In na ce kada wanda ya sa hannu ya ciro audugar da ta maƙale alhali inji na juyawa, sai a ce in an tsayar da inji awo zai ragu, sufabaiza zai rubuta sunan mutum. In na ce mai gyara ya zare fis ya sa a aljihunsa kafin ya shiga ƙarƙashin inji, don kada wani ya zo ya kunna, sai a ce Malam ya zama Bature. 'Yan saƙa kuwa sai ka ɗaga murya suke jin ka. An koya mana cewa ƙarar da ta kai awo 85 na desibel, in mutum ya yi awa 8 a cikinta kullum, tana cin kunne a hankali, masaƙa mai ƙoshiya kuwa takan kai kusan 100. Su da kansu suke cusa auduga a kunne, wadda ba ta tare komai. Akwai wanda ƙoshiya ta ƙwace daga masaƙa ta fasa masa ido, aka yi masa jaje aka ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, aka watse, ba wanda ya tambayi ina wayar kariyar da ya kamata ta tare ta.

Wani dattijo mai ja mana salla a masallacin kamfani shi ya taimake ni a nan, Allah ya saka masa. Ya tashi a gaban kowa ya ce, ai Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, cewa ya yi mutum ya ɗaure raƙuminsa sannan ya dogara ga Allah. Daga ranar masu ce mini ina ja da ƙaddara suka yi shiru.

Mun ci nasarori, kada a ce ban faɗa ba. An mayar da murafun bel da aka cire aka jingine. An kawo safar hannu da tabarau a sashen rini. Mun buɗe namu littafin haɗari a ofishin ƙungiya, domin mun gano dabarar da ake yi: in mutum ya ji rauni sai a ce ya riƙa zuwa yana zama a benci bakin ƙofa yana sa hannu, don kada a ce ya yi kwana 3 ba ya aiki, balle labari ya kai ga sufeto. Ni na tona wannan, kuma har gobe ina alfahari da shi.

To amma babbar buƙatata ita ce injin tsotsar ƙura na ɗakin su Kawu, wanda ya daɗe a mace. Na rubuta, na tara sa hannun mutane, na sa shi a kan gaba cikin takardar da za mu shiga da ita wurin shugabannin kamfani. Ranar zaman, manajan ma'aikata ya ce tun da aka karya darajar naira a 1986 kayan gyara daga waje sun fi ƙarfinsu. Maimakon haka za su riƙa ba duk wanda ke sashen ƙura madarar gwangwani kowane mako, da ɗan alawus a kan albashi. Na ce, "Ranka ya daɗe, madara ciki take zuwa, ƙura kuwa huhu. Ina suka haɗu?" Ban rufe baki ba ciyaman ɗinmu na reshe ya taka mini ƙafa ta ƙarƙashin tebur. Ya ce, "Kwamared, bari manya su yi magana." Aka nemi mu ba su wuri shi da sakatare. Da aka kira mu, an riga an sa hannu.

Ba zan kama sunansa ba, 'ya'yansa na kirana Baba. Amma shi ya san kansa, kuma waɗanda muka yi zamani tare sun san shi. Zaɓen reshe ya matso, ya san gwangwani abu ne da mutum zai riƙe a hannu ya kai gida, iska mai kyau kuwa ba mai ganinta. Ya fito bakin ƙofa ya ɗaga gwangwani sama, aka yi ta tafi ana kiran sunansa. Ni aka ce ina baƙin ciki da abin da talaka zai samu. Har cikin 'yan sashenmu akwai wanda ya daina amsa gaisuwata.

Kawu bai taɓa shan madarar nan ba. A aljihun babbar riga yake kawo ta gida, a zuba wa yara a koko. Auta ba za ta tuna ba, tana goye. Da na je ina ba shi labarin yadda aka yi, yana zaune a kan buzu ya jingina da bango, don a lokacin kwanciya ta fara gagararsa, sai ya ce, "Ka yi naka, ɗana. Na gaya maka ai, ba shi da safaya." Da numfashin ya ƙi, aka sallame shi da sunan rashin lafiya, takardar ta ce asma. A lokacin asma ba ta cikin abin da ake biyan diyya a kai, don ba a ce aiki ne ya jawo ta ba. Na yi ta yawo da fayil ɗinsa ofis-ofis ina neman likitan da zai rubuta sunan cutar na gaskiya, har Allah ya karɓi abinsa.

Abin da ke ƙona mini rai, a 1994 Najeriya ta sa hannu a yarjejeniya ta 155 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda ta ce ma'aikaci na da ikon janye jikinsa daga aikin da ya ga zai halaka shi ba tare da an hukunta shi ba. A shekarar ce kuma Abacha ya rushe shugabancin NLC, uwar ƙungiyoyin ƙwadago ta ƙasa. Wa zai je ya karanta wa manaja yarjejeniya a irin wannan lokaci?

Na tuna da ciyaman ɗin nan kuma a watan Satumba na 2002, da gobara ta tashi da dare a wata masana'antar roba a Ikorodu ta Legas, ma'aikata gommai suka ƙone saboda an kulle su ta waje. Dokar 1987 ta hana kulle ƙofa yadda na ciki ba zai iya buɗewa ba, amma tarar da ke cikinta ba ta taka kara ta karya ba. Lokacin Oshiomhole na shugaban NLC, aka yi ta gangami. Mu ma a nan muka kafa kwamiti muna zagaya sassa da tsakar dare da tocila muna jijjiga ƙofofin gudun gobara. Mun samu wadda aka ɗaure da sarƙa, mun samu wadda aka jibge dilolin yadi a bayanta wai don maganin sata. Ba mu bar wurin ba sai da aka kawo mabuɗi. A wannan aikin matan sashen duba yadi sun fi maza tsayawa, wannan gaskiya ce.

Daga 2002 zuwa 2007 manyan masaƙun Kakuri suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya, namu ma ya bi sahu. Sai a ƙarshen 2010 Jonathan ya sa hannu a sabuwar dokar diyya, wadda ta ce kowane mai ɗaukar ma'aikata ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi a asusun NSITF, hukumar inshorar ma'aikata, kuma ta haɗa har da cututtukan da aiki ke jawowa. Doka ce mai kyau, ina gaya wa yaran da ke aiki a kamfanonin roba da na shinkafa su san da ita, su kuma nace a rubuta duk raunin da suka ji. Amma mutanen ɗakin su Kawu ba wanda ta tarar a bakin aiki. Duk 28 ga Afrilu, ranar da duniya ta ware don lafiyar ma'aikata da tunawa da waɗanda aiki ya kashe, in an gayyace ni magana, da maganar Kawu nake farawa: inji na da safaya.

Bara waccan muka haɗu da ciyaman a wurin ɗaurin auren 'yar Yaya a Tudun Wada. Ya tsufa, yana dogara sanda. Ya kama hannuna ya ce, "Kwamared, har yanzu kana riƙe da ni a kan maganar madara?" Na ce, "Yallaɓai, ni ba ni da abin riƙewa. Marayun Kawu ne ke da shi, ga babbansu can yana raba goro, je ka tambaye shi." Bai je ba. Goggo ta ce na yi rashin kunya a bainar jama'a, ni kuwa ban ga rashin kunya a ciki ba, don ko muryata ban ɗaga ba.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu zan koma kan maganar auren, da yadda aka yi Hajiya ta ƙi tarewa a gidan Kakuri.